Hattara da masu sayar da wayar HDMI zuwa VGA ta bogi

Jama'a, akwai wata damfara da ta yi yawa a shafukan saye da sayarwa na intanet. Ta ritsa da ni, kuma ba na so ta ritsa da wani.

Laftof ɗina kafar HDMI kawai gare shi ta fitar da hoto zuwa allo, allon kwamfutata kuma tsoho ne amma lafiyarsa ƙalau, sai dai ba ya karɓar komai sai VGA, wannan shuɗin kai mai fil 15. Na ga tallar wata siririyar waya, HDMI a kai ɗaya, VGA a ɗayan. An rubuta tana aiki da kowace kwamfuta, ta kowane gefe ka jona, har 4K, wato hoto mai tsananin kaifi, take bayarwa. Na biya, ta iso, na jona, allo ya tsaya baƙi ƙirin. Na gwada a kwamfuta uku, duk kanwar ja ce. Da na tuntuɓi mai kayan ya ce in sabunta manhajar hoto. Na sabunta. Ya ce to allon ne ya tsufa. Haka ya yi ta ja na, gwada kaza, sake gwada kaza, har wa'adin mayar da kaya ya wuce, daga nan ya yi gum. Wannan jan lokacin da gangan ne, shi ne rabin sana'ar tasu.

Takaici ya sa na ɗauki reza na farke kawunan biyu. Babu komai a ciki sai siraran wayoyi da aka liƙa da dalma daga wannan baki zuwa wancan.

Irin wannan waya ba lalacewa ta yi a hanya ba, tun daga masana'anta ba ta da ikon yin aikin. VGA, wadda kamfanin IBM ya fito da ita a 1987, siginar analog take ɗauka: ja da kore da shuɗi kowanne da layinsa, ƙarfin wuta na hawa da sauka. HDMI kuwa dijital ce zalla, kuma a cikin fil 19 ɗinta babu ko ɗaya da ke ɗauke da hoton analog. Yarensu ba ɗaya ba ne, dole sai da tafinta a tsakani, wato ɗan ƙaramin cif mai juya siginar. Adafta ta gaske tana da shi, yana shan wuta bolt 5 daga kafar HDMI, wasu ma har da ƙarin kafar USB don kwamfutar da wutarta ba ta isa ba. Kada dai a yi kuɗin goro: akwai na gaske masu siffar waya, an ɓoye cif ɗin a cikin kan VGA mai ɗan kauri. Abin da ke bambanta su shi ne suna faɗa maka ƙarara wane kai ne na kwamfuta, wane ne na allo.

Nan ne ƙaryar farko ke fitowa fili. Adafta ta gaske hanya ɗaya take bi. Mai kai HDMI zuwa VGA ba ta komowa baya. In tsohuwar kwamfuta mai VGA za ka haɗa da talabijin mai HDMI, wata na'ura ce daban, mai neman wutar USB da wayar sauti tata, tunda VGA ba ta ɗaukar murya sam. Haka nan wayar DisplayPort (ita ma wata kafar hoto ce ta dijital) zuwa HDMI da aka saba gani, daga kwamfuta mai DisplayPort take tashi, in ka juya ta ba za ka ga komai ba. Duk wanda ya ce maka tasa gaba da baya take yi, ko bai san kayansa ba, ko ya sani yana cutar ka. Batun 4K ta VGA kuwa ko a mafarki, na kirkin ma yawanci a hoto mai ɗigo 1920 a faɗi da 1080 a tsaye suke tsayawa.

Masu USB-C su ma ana yi musu irin wannan wayon. Ba kowace kafar USB-C ce ke fitar da hoto ba, wata caji da tura bayanai kawai take yi. Duba gefen kafar ko akwai alamar walƙiya ta Thunderbolt ko tambarin DisplayPort, in babu ka duba littafin kwamfutarka. Mai sayarwa ya san wannan, amma sai ya rubuta "kowace kwamfuta".

Wadda ta fi tayar mini da hankali ita ce 'yar arahar nan ta USB zuwa HDMI. Wasunsu da ka soka sai su bayyana kamar filas, da fayil a ciki wai ka girka kafin hoto ya fito. Manhaja ce da ba ka san wanda ya rubuta ta ba, kuma izinin shiga ƙahon zuciyar kwamfutarka za ka ba ta. In babu sunan kamfanin da za ka je shafinsa ka sauke manhajar da kanka, kada ka taɓa fayil ɗin. Ko ta yi aiki ma, da yawansu in aka soka a USB 2.0 hoton faɗuwa yake zuwa 800 da 600.

Kalmar 4K ita kaɗai ba hujja ba ce. HDMI 1.4 na ba da 4K amma a 30 Hz, wato hoton na sabuntuwa sau 30 kawai a daƙiƙa, har kibiyar mawus za ka ga tana jan ƙafa. Sai 2.0, mai gigabit 18 a daƙiƙa, ke kai 60. Tambayi mai kaya a rubuce: a Hz nawa?

Kada ka yi cinikin biri a sama. Rubuta masa sunan kwamfutarka da na allonka, ya amsa a rubuce cewa za ta yi. Ranar da ta iso ka gwada, ka ɗauki bidiyo, in ta ƙi ka shigar da buƙatar mayarwa nan take, gwaje-gwajensa su biyo baya. Kuma kada ka dogara da haddace sunan shago. Bayan na kai ƙarar wanda ya cuce ni tallarsa ta ɓace, ba a yi sati biyu ba na ga wayar nan, da hoto iri ɗaya da bayani iri ɗaya, ƙarƙashin sabon suna.