Teburin gyaran kifi na alminiyam, bayan wata takwas

Ina kiwon tarwaɗa a bayan gida, ina yin banda ina kaiwa kasuwa. Mun daɗe muna yanka a kan teburin katako, har ya sha yauƙi da jini, ƙarni ya kama shi, ko an wanke da sabulu ƙudaje ba sa barinsa. Na koma na baƙin ƙarfe, damina biyu tsatsa ta cinye ƙafafunsa. Shi ya sa na ba da aikin na alminiyam.

Masu walda biyu a unguwarmu suka ce ba aikinsu ba ne, na kuma ji daɗin gaskiyar da suka faɗa mini. Na ukun ne yake da injin TIG, irin wanda ake waldar alminiyam da shi, da tukunyar iskar argon mai kare ɗinki daga iska. Na tsaya ina kallo yana goge bakin kowane falle da burushin waya, wanda bai yarda ya taɓa wani ƙarfen da shi ba. Ya ce, "Hajiya, wannan ba ya yin ja kafin ya narke. Mutum na yin sake sai dai ya ga rami." Ashe alminiyam yana narkewa ne a wajen digiri 660 na ma'aunin Celsius, amma siririyar fatar da ke lulluɓe da shi sai zafi ya haura 2,000. Idan ba a kankare ta ba, ɗinkin ba ya kamawa da kyau. Nasa ɗinkin ya fito a jere kamar an tsara kwabbai, har yau ko tsaga babu.

Tsayin teburin santimita 90, na daina ciwon baya. Ya ɗan karkata saman zuwa baya, ya ɗaga masa baki, ya huda ƙofa a kusurwa ɗaya ya sa bututu, ruwa da kayan ciki suna gangarawa bokiti. Ya ɗaure ƙafafun da sanduna, ko babbar tarwaɗa na fizga teburin ba ya rawa. Nauyin alminiyam kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe, ni da 'yata muke ɗaga shi.

Yana da aibu. Ranar Afrilu kan gasa shi har hannu ba ya iya taɓawa, dole na mayar da shi ƙarƙashin dalbejiya. Wuƙa tana karce shi, ita ma tana dakushewa, sai da na ɗora farin allon roba. Soda kuwa ba a kusantar da ita, cin sa take yi.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne notin famfo. Na baƙin ƙarfe mai waldar ya sa, cikin wata uku wurin ya fara fitar da farin gari, ya kwarzane. Na mayar masa, bai yi musu ba, ya canza da irin wanda ba ya tsatsa, ya sa roba a tsakani. Kuɗin teburin ya fi na ƙarfe nesa ba kusa ba, amma yanzu bokiti biyu na ruwa ke wanke shi tas, kuma na riga na ba shi aikin na biyu.