Gwajin mayeloma a wani ɗakin gwaji a Kumasi: jini sun iya, fitsari sun ɓata

Ɗakin gwajin na kuɗi ne, ba nisa da Aboabo. Wurin ɗibar jini na yaba musu. Don gwajin SPEP, mai raba furotin ɗin jini a ga ko akwai tsinin M (alamar tarin furotin iri ɗaya) da mayeloma, wato sankarar ɓargo, ke haifarwa, sun sa jinin Baba a kwalba mai jan murfi, suka bar shi ya daskare kafin su juya shi a inji. Haka ake so. In aka sa a mai murfin kore ko shunayya, fibrinojin, furotin ɗin da ke daskarar da jini, yana nan, sai ya fito da layin ƙarya tsakanin sassan beta da gama na sakamakon, hankalin iyali ya tashi a banza.

Fitsarin ne ya ƙona min rai. Likita ya rubuta ƙarara a nemi Bence Jones, furotin ɗin mayeloma da ke fita a fitsari, amma suka miƙa wa dattijo ɗan kofi, suka tsoma tsinken takarda, suka ce babu furotin. Haba jama'a! Wannan tsinken furotin ɗin albumin yake kamawa, ba ya ganin Bence Jones, wato ƙananan sarƙoƙin furotin da ake kira kafa da lamda, alhali su ne ke toshe ƙoda. Fitsarin awa 24 ake tarawa a babbar jarka: a zubar da na farkon safiya, a rubuta lokaci, a tara duk na baya har na washegari da safe, a ajiye a sanyi. Kusan kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na masu mayeloma sarƙoƙin nan kaɗai suke fitarwa, SPEP ɗinsu kan fito tas. Shi ya sa ake haɗawa da awon sarƙoƙin a jini. A ma'aunin Freelite, ɗaya daga cikin gwaje-gwajen sarƙoƙin nan, rabon kafa kan lamda 0.26 zuwa 1.65 ne daidai.

Da na ce su ci uku cikin biyar, sai na sake duba takardar SPEP ɗin. An rubuta akwai tsinin M, babu adadi a g/L (giram a lita). To da me likita zai kwatanta bayan magani? Wannan ba ƙaramin sakaci ba ne a ƙasar da binciken 2007 ya sami MGUS, wato tsinin M a jini ba tare da sankara ba, a kusan kashi 6 cikin 100 na mazan Accra 'yan shekara 50 zuwa 74.

Biyu na ba su. Kafin ku biya, ku tambayi likitocin jini na asibitin Komfo Anokye inda za a yi muku, kuma ku riƙe wuri guda, don ma'aunin kowane kamfani daban yake.