Yogot mara maiƙo na shagon unguwarmu: kayan sun yi, allon ƙofa ya yi zuzutawa

Shagon ƙarami ne, firji biyu da teburi ɗaya, a bakin titinmu a nan Kano. Yogot kawai suke sayarwa, sai fura idan ka nema. A ƙofa sun kafa allo mai cewa yogot ɗinsu mara maiƙo yana ƙona teɓa saboda sinadarin kalsiyam. Wannan allo ne ya ja ni ciki, domin likita ta ce in rage nauyi ko gwiwoyina su samu sauƙi.

Iri uku suke yi: mai cikakken maiƙo mai kama da kindirmo, mara maiƙo mai sukari, da mara maiƙo wanda ba a sa masa komai ba. Na ƙarshen shi ne nawa. Yana da tsami mai daɗi irin na nonon da ya kwana lafiya, ba ya yauƙi, kuma idan ya jima a firji ruwa kaɗan ne yake tasowa a sama, kana girgizawa ya koma. Ban ji garin kuka ko sitaci a harshe ba, abin da wasu masu nono ke yi don ya yi kauri. Na tambayi yarinyar da ke tsaron shagon ko suna dafa madarar, ta ce, "Anti, sai ta tafasa muke sa iri," wato abin da ke sa madarar ta koma yogot. Wannan ya kwantar min da hankali, domin ɗanyar madara tana iya ɗauko tarin fuka daga saniya. Kowace gora da ranar da aka yi ta a jiki. Kuɗinsa ya fi na 'yan Fulanin da ke zagaya mu da ƙwarya, amma tsabtar ta biya.

To, maganar allo. Cire maiƙo ba ya rage kalsiyam, domin ba a cikin man yake zaune ba. Kofi ɗaya na madara yana ba da kimanin miligiram 300, babban mutum kuwa yana buƙatar wajen 1,000 a rana. Kofin mai cikakken maiƙo yana da kalori, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki, kusan 150, wanda aka yaye wa mai kuma bai kai 100 ba. Iyayenmu ma sun san haka a aikace: a kaɗa nono, a kwashe man shanu, a bar tsala.

Amma cewa kalsiyam yana ƙona teɓa, daga Amurka zancen ya taso. A 2004 wani masani a Jami'ar Tennessee, Michael Zemel, ya fitar da bincike cewa masu rage cin abinci sun fi sauke nauyi idan suna shan madara da yawa. Kamfanonin madara na can suka mayar da shi talla, har zuwa 2007 da suka janye iƙirarin, bayan an kai ƙorafi gaban hukumar kula da cinikayya ta ƙasar. Da aka haɗa bincike-binciken da suka biyo baya, abin da ya fito shi ne madara tana ɗan taimakon wanda ya riga ya rage abin da yake ci, wanda bai rage ba kuwa ba ta sauke masa komai. Gaskiyar da ke ciki ƙarama ce: kalsiyam yana kama wani ɓangare na maiƙo a hanji ya fita da shi ta bayan gida, kimanin giram 5 a rana ga mai sha sosai, wato kalori 45. Ƙaramin cokali uku na sukari ya share wannan riba.

Nan ne raina ya sosu. Wanda ya fi tafiya a shagon shi ne mara maiƙo mai sukari, kuma zaƙinsa har maƙogwaro. Na ga wata dattijuwa ta ɗauki gora huɗu tana cewa ta samu maganin ƙiba. Idan tana da ciwon sukari fa? Gorar ba ta faɗi yawan sukarin da ke ciki ba, kuma na gaya wa mai shagon ya kamata ya rubuta. Ya saurare ni da mutunci, ya ce zai duba.

Ni amfanin da na gani shi ne ƙoshi. Idan na sha kofi guda da yamma da ɗan dunƙulen fura, ba na neman lemon kwalba da cincin kafin tuwon dare, kuma zanena ya fara yin sako-sako a ƙugu. Yara ƙanana dai ban ba su wannan, mai cikakken maiƙo nake saya musu, domin bitamin A yana bin man ya fita. Wanda madara ke kumbura wa ciki kuma ya nemi kalsiyam a miyar kuka, zogale da riɗi.

Ku je da safe, domin mara sukarin kaɗan suke yi, kafin la'asar ya ƙare.