Gargaɗi: mai sayar da sunan .eth ya cinye muna USDT 1,200

Jama'ar Sakkwato masu harkar kirifto, ku ji wanga. USDT 1,200, wato kuɗin kirifto mai bin darajar dalar Amurka. Ban da 300 da munka biya kuɗin sunan. Dubu ɗaya da ɗari biyu, kuɗin wayoyin da wani abokin cinikinmu ya turo, sun faɗa walat ɗin wani ɓarawo, kuma har yanzu sunan shagonmu ne a rubuce a kan takardar cinikin.

Kada wani ya ce muna ba mu bincika ba. Mun bincika. Adireshin Ethereum harufa 42 ne, yana farawa da 0x, ba mai iya haddace shi, shi ya sa anka yi tsarin sunaye na ENS tun 2017: ka yi rajistar suna mai ƙarewa da .eth, ka ɗaura shi a kan adireshinka, mai turo kuɗi ya rubuta suna kawai. Suna mai harufa biyar zuwa sama dala 5 ne a shekara, mai huɗu dala 160, mai uku dala 640. Shi wanga mutum da ya sayar muna da sunan yana da mai harufa huɗu da ya dace da sunan shago, ya ce a ba shi 300. Ga shi a zaune gabanmu, yana cewa "Alhaji duba da idonka". Munka duba. Sunan na nuna adireshinmu. Munka tura USDT 10 na gwaji, ta shigo. To me kuma ya rage?

Abin da ya rage shi ne, kowane suna na .eth yana da gurabe biyu: mai mallaka da manaja. Manaja yana iya canza adireshin da sunan ke nunawa, amma mai mallaka, wanda NFT ɗin sunan (shaidar mallakarshi) ke cikin walat ɗinshi, yana iya tsige manaja duk sa'ad da ya ga dama. Shi manajanci kaɗai ya ba mu, mallaka tana hannunshi. Mu kuwa gurbin manaja munka kalla, munka ga adireshinmu, hankali ya kwanta. "Alhaji duba da idonka." Wallahi kalmar nan ta hana ni barci.

Bayan kamar sati uku, ko kafin nan ma, don sai da munka shiga Etherscan, shafin da ke nuna hada-hadar Ethereum, daga baya munka ga ranar, mutumin ya karɓe manajancin ya sa adireshinshi. Ba sanarwa, ba saƙo, walat ba ta gaya maka komai. Abokin ciniki ya rubuta sunan nan da ya saba, 1,200 ta tafi. Abin da ya shiga bulokcen (rajistar hada-hadar kirifto) ba ya dawowa, ba bankin da za ka je ka yi kuka. Lambar mai sayar da sunan a kashe tun ran nan.

Hotunan hirarmu da lambar cinikin duk suna nan, zan ɗora su in sha Allahu da zarar mun kai takarda ofishin EFCC.

In za ka sayi suna, buɗe shi a manhajar ENS, ka tabbata gurbin mai mallaka adireshinka ne kafin ka biya ko kwabo, ka duba ranar ƙarewarshi. Kuɗi masu yawa kuma, a karanto maka adireshin 0x ɗin a waya ka gwada da wanda sunan ya fito da shi.