Kanel ɗaya ko biyu? Amsa ga Injiniyanmu na Daura

Tambayar da ƙanenmu ya ajiye a zauren nan jiya da dare ita ce: yana haɗa wa cibiyarsu ta koyon kwamfuta a Daura manhajar aiki tasu ta kansu a kan Debian, wani nau'in Linux, saba biyu (manyan kwamfutoci masu yi wa sauran hidima) ce za ta ɗauki kwamfutocin cikin kwamfuta, wato VM, kusan talatin. Shin ya ƙunsa babban kanel na kowa da kowa kaɗai (kanel shi ne zuciyar manhajar aiki, mai magana da sassan na'ura), ko ya ƙara da siririn nan da aka yi wa VM, ko ma har da wani na musamman saboda Xen, wata manhajar tafiyar da VM?

Wa alaikumus salam Injiniya. Babban za ka sa, linux-image-amd64, a mai masauki, wato sabar, da kuma baƙi, wato VM ɗin da ke cikinta, gaba ɗaya. Shi nake amfani da shi a shagona na Ƙofar Ƙaura, kuma na taɓa barin shi na bi siririn, na dawo da kaina ba wanda ya kira ni.

Bari in fara da ranar da ya fitar da ni kunya. Cikin watan Afrilu ne, zafin Katsina ya kai inda ya kai, aka ɗauke wuta aka maido da ƙarfi, sai ƙauri kawai muka ji daga ɗakin saba. Allon uwa ya ƙone. Ajin yamma na ƙarfe huɗu, yara goma sha takwas, aikin kowa yana cikin VM ɗinsa. Na zaro faifan ajiyar, na buɗe wata tsohuwar kwamfutar tebur da ke kusurwa muna ɗora mata butar shayi, na kakkaɓe ƙura na soka shi. Wadda ta ƙone furosesan Intel ne, wannan kuwa AMD, katin netwok ɗinsu ma ba iri ɗaya ba. Na kunna ina addu'a a zuci. Wallahi ta tashi kamar a cikinta aka haife ta. Sunan katin netwok kaɗai ya canza, na gyara layi ɗaya, na shiga BIOS na buɗe SVM, saitin AMD da ke ba da damar tafiyar da VM, kafin la'asar VM shida suna aiki, yara suka haɗu uku-uku. Ba wata dabara tawa a ciki. Babban kanel yana ɗauke da kvm_intel da kvm_amd duka biyun, wato sassan KVM, mai tafiyar da VM na cikin Linux, da direbobin katuna iri-iri, kuma initramfs na Debian, ƙaramin ƙunshin da kanel ke fara ɗauka wajen tashi, yana zuwa ne a kan MODULES=most, wato yana kwaso yawancin direbobin da ake buƙata wajen tashi ko da na'urar da ke gabansa ba ta nemi su ba. Mu da muke harhaɗa na'ura daga kayan tokumbo, yau wannan allo gobe wancan, wannan nauyin da ake zarginsa da shi shi ne amfaninsa.

Siririn kuwa, linux-image-cloud-amd64, to, yana tashi da sauri kaɗan kuma ba ya cin wuri sosai, wannan ba zan hana shi ba.

Amma ka san abin da aka yi aka same shi siriri. Direbobi aka cire. An yi shi ne don manyan masu ba da hayar saba irin su Amazon da Azure da Google, inda baƙo ba zai taɓa ganin komai ba sai faifai da katin netwok na ƙarya. Babu sauti, babu waya-fai, USB ma babu. Ni na sa shi a VM ɗin da ke riƙe da lissafin kuɗin makaranta saboda na ga ana yabonsa. Sati uku lafiya lau. Ranar da aka dawo hutu, iyaye sun yi layi har bakin ƙofa, na miƙa wa VM ɗin firintar rasit daga mai masauki, shiru. Na buga lsusb, umarnin da ke jera na'urorin USB, ko layi ɗaya bai fito ba. Na ce waya ce, na tura yaro a acaba ya sayo sabuwa. Na ce ramin ne, na canza rami. Wani dattijo da carbi a hannu yana ta kallona, can ya ce, ɗana, ko a takarda ka rubuta mana mana. Da biro muka gama rasit na ranar. Sai bayan isha na tuna wane kanel ne a ciki, na sauko da babban, firinta ta fara kuka nan take. Kuɗin waya da na acaba dai sun tafi, wayar tana nan a durowa har yau.

Kada ka haɗa wannan da linux-virtual na Ubuntu, mutane suna ruɗa su. Na Ubuntu, a 22.04 da 24.04, shi ne dai kanel ɗin generic ɗin nan, ƙunshin linux-modules-extra kawai ba a sa ba. Idan wani direba ya ɓace maka, ka sauko da wannan ƙunshin, magana ta ƙare. Na Debian kuwa gini ne daban da saiti daban, abin da aka cire an cire shi tun wajen gini, ba inda za ka ɗauko shi ka liƙa. Dangin Red Hat kuwa dabararsu irin ta Ubuntu ce, kanel ɗaya ne amma sun raba shi gida-gida, kernel-core da kernel-modules da kernel-modules-extra, mai son sauƙi ya tsaya a na farko. In har ranka ya nace sai ka rage wa baƙinka kaya, wannan hanyar za ka kwaikwaya, ka raba direbobin, kanel ɗin ya zauna ɗaya.

Maganar Xen kuwa, na san inda ka samo ta, tsofaffin rubuce-rubuce ne suke ta yawo a intanet. Da can gaskiya ce. Xen ya fito daga Jami'ar Kambirij ta Ingila a 2003, lokacin furosesoshin da ke hannun mutane ba su da VT-x ko AMD-V, tallafin VM na cikin furosesa, don haka sai an yi wa kanel ɗin baƙo tiyata ya san cewa shi baƙo ne kafin ya yi aiki da kyau. Shi ya sa RHEL 5 na Red Hat ya zo da kernel-xen daban, Debian ma tana da nata. Daga 2007 abubuwa suka juya. KVM ya shiga cikin Linux a 2.6.20, tallafin zama baƙon Xen ya shiga a 2.6.23, direbobin virtio, waɗanda aka yi musamman don baƙi, suka biyo baya, sannan a 2011 da Linux 3.0 aka kammala abin da ake buƙata don kanel na yau da kullum ya zama mai kula da gidan Xen. Yanzu kanel ne da kansa yake lura lokacin tashi ko a kan ƙarfe yake, ko ƙarƙashin KVM, ko Xen, ko Hyper-V, ko VMware, ya daidaita kansa. Red Hat ma tun RHEL 6 a 2010 ta koma KVM. Saboda haka babu wani kanel na Xen da za ka ƙunsa, ko da Xen ɗin za ka yi amfani da shi. Kuma da saba biyu ban ga abin da zai kai ka can ba, KVM yana cikin abin da ka riga ka sa.

Na rt kuma, mai amsawa a kan ƙayyadadden lokaci, na masu injinan masana'anta ne da masu haɗa sauti, bar shi. Na 32-bit da PAE ma kada ka waiwaya, Debian 13 da ta fito a 2025 ta daina fitar da kanel na i386.

Abin da ya fi damuna a tambayar taka ba gudu ba ne, wahalar riƙo ce. Ban sani ba ko kana shirin gina naka kanel ɗin ne ko ɗauko na Debian za ka yi, amma in gini ne, kowane iri da ka ƙara wani ɗa ne ka haifa. Duk ranar da aka gano rami a tsaro, kamar Meltdown da Spectre a farkon 2018, ko Dirty Pipe a 2022, sai ka yi wa kowanne faci, ka gina, ka gwada, in kuna da Secure Boot ka sa masa hannu, in kuna da wani direba na DKMS, wato na waje da ake ginawa daban, shi ma a sake gina shi a kan kowanne. Kai kaɗai ne, ga koyarwa, ga janareta, ga data da tsada. Taura biyu ba ta taunuwa. Abin da zai faru na san shi, za ka riƙa sabunta wanda kake gani kullum, ɗayan ya yi wata takwas ba faci, kuma shi ne ke cikin VM ɗin da ke fuskantar intanet. Ka bar Debian su yi maka ginin, kai dai ka ja daga wurinsu, a Debian 12 kana kan 6.1, a 13 kana kan 6.12, duka ana yi musu facin tsaro.

In saurin da kake nema ne, ba a kanel yake ɓoye ba. Ka tabbata faifan kowane baƙo da katin netwok ɗinsa a kan virtio suke, ba IDE da e1000 na kwaikwayo ba, ka sa SSD a mai masauki, ka ƙara RAM. Daƙiƙun da siririn zai rage maka wajen tashi suna da daraja ga wanda ke kunna VM dubbai yana kashewa a rana. Naka talatin ne, da safe a kunna, da dare a kashe.

Ba ka tambaya ba amma sai na faɗa, tunda na ga kana shirin saye. Masu sayar da sabar haya a zaurukan WhatsApp, da yawansu kwantena, wadda ba ta da kanel nata na kanta, suke sayarwa da sunan KVM. Na taɓa biyan wani kuɗin shekara guda saboda araha, na shiga na sa sabon kanel, na sake kunnawa, uname -r, umarnin da ke nuna kanel ɗin da ke aiki, ya nuna mini tsohon nan dai. OpenVZ ne, wato kwantena, kanel ɗin mai gida kowa ke amfani da shi, kai ba ka da ta cewa. Da na yi magana ya ce ai duk ɗaya ne, daga nan ya daina ɗaga waya. Kafin ka biya kowa, ka ce ya ba ka gwajin kwana ɗaya, ka buga systemd-detect-virt. In ka ga kvm, to. In ka ga openvz ko lxc, ka san abin da ake sayar maka. Ka kuma buɗe top ka kalli st, lambar lokacin furosesa da ake ƙwace maka, na ɗan lokaci da yamma, in lambar tana hawa, mutane ya cusa fiye da ƙarfin na'urarsa.

Haka masu tokumbo. Akwai kwamfutocin ofis da ake kawowa an kulle BIOS ɗinsu da kalmar sirri, VT-x a kashe, mai shago ya ce maka ai yaro zai buɗe maka daga baya. Kada ka yarda da daga baya. Ka je da filas ɗinka mai Linux, ka tashe ta a gabansa, ka duba akwai /dev/kvm, alamar KVM zai yi aiki, ko babu. In kana da niyyar miƙa wa baƙo wani kati kai tsaye, ka duba VT-d, saitin da ke ba da damar hakan, ma yana buɗuwa. Ya ƙi bari ka gwada, ka sa kuɗinka a aljihu ka yi gaba.

Don haka a jerin ƙunshinku ka rubuta linux-image-amd64 kaɗai. Ranar da kuka kama hayar saba a waje, can za ka iya amfani da hoton genericcloud da Debian ta riga ta shirya, shi ke zuwa da siririn, kuma a can ba firintar da za ka soka. In ka shigo Katsina ranar Asabar ka biyo ta shago da filas ɗinka in kwafa maka saitin nawa, ka taho mana da fura.