Tsoho ya suma ba dalili: wane gwaji ya cancanci kuɗinka a Legas?

Idan dattijo ya yanke jiki ya faɗi a shagonsa a Agege ko Mile 12, ya farfaɗo cikin minti ɗaya kamar ba abin da ya faru, 'ya'yansa kan ruga su biya hoton ƙwaƙwalwa, wato CT sikan. Tunda ya fi tsada, sai a ɗauka shi zai tono cutar. Ni dai a ƙarshen layi nake ajiye shi. Irin wannan sumar yawanci jini ne ya ɗan gaza isa ƙwaƙwalwa, kuma tushen yana zuciya ko ƙarfin jini. Hoton yana da rana idan kan ya bugu, ko baki ya karkace, ko hannu ya mutu.

A fara da masu araha: ECG (gwajin bugun zuciya), gwajin suga, da awon jini a kwance da a tsaye. Idan lambar sama ta awon jinin ta sauka da 20 cikin minti 3 da miƙewa, sau da yawa maganin hawan jinin da Baba ke sha ne ya yi masa yawa.

Wanda ya haura shekara 40 kuma waɗannan ba su nuna komai ba, a tambayi likitan zuciya batun tausar jijiyar wuya. Ƙarƙashin muƙamuƙi, inda babbar jijiyar jini ta rabu biyu, akwai wani ɗan wuri mai lura da ƙarfin jini. A wasu tsofaffi wurin ya cika saurin ji: waiwaye, askin gemu, ko maɓallin kaftani da ya shaƙe wuya sun isa su rage bugun zuciya. Likita zai murza wurin kamar daƙiƙa 10, dama sannan hagu, a kwance da a tsaye, na'ura tana bin zuciya da jini. Idan zuciya ta tsaya fiye da daƙiƙa 3, ko lambar sama ta faɗi fiye da 50, mutumin kuma ya ji sumar da ya saba ji, an kama ɓarawon. Wasu daga nan ake sa musu na'urar daidaita bugun zuciya.

Yatsa biyu ne aikin, shi ya sa nake tsoron sa a hannun mai kemis ko ɗan uwa mai karambani. Inda babu na'ura a manne da ƙirji, kada ka biya ko sisi. Ba a yi wa wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki ko alamunta cikin wata 3, ko mai toshewar jijiyar wuya, don gudan maiƙo na iya ɓallewa ya tafi ƙwaƙwalwa.

Holter kuwa, na'urar naɗar bugun zuciya da ake rataya wa mutum awa 24 ko 48, sai mai suma akai-akai. Wanda ke faɗuwa sau biyu a shekara zai dawo da takarda fes. Gwajin gadon da ake kwantar da mutum a kai a karkata shi zuwa digiri 60 ko 70 ya fi dacewa da mai suma bayan doguwar tsayuwa cikin zafi, kuma a buga waya a tabbatar akwai shi kafin a shiga go-sulo.

Ga mutanen Idi-Araba, asibitin koyarwa na LUTH na bakin ƙofa. Na Agege, asibitin koyarwa na LASUTH a Ikeja ya fi kusa. A tafi da kwalayen duk magungunan da yake sha, har na gargajiya, da wanda ya ga faɗuwar da idonsa.