Aikin haihuwa a asibitocin Zariya: hannu ya ƙware, bayani ne ya yi ƙaranci

Mai cikin fari da aka ce sai an yi mata aiki ba ta rasa wurin zuwa a Zariya. Akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da asibitin Hajiya Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, da na St. Luke's a Wusasa, ga asibitocin kuɗi birjik a Sabon Gari da Tudun Wada da Samaru. Idan aka auna hidimar tun daga ranar da likita ya yanke shawara har ranar sallama, abin da ya shafi wuƙa da zare yana tafiya daidai a mafi yawan wurare. Inda ake barin yarinya a duhu shi ne bayani: me za a yi mata, me za ta ji, me za ta kiyaye idan ta koma gida.

Abin da ya fi cin lokaci kafin aiki shi ne jini da sa hannu. Ko a aikin da ya tafi lafiya, mace kan zubar da jini daga rabin lita zuwa lita 1, don haka ana son a san rukunin jininta, a tanadi leda 1 ko 2 da suka dace da ita. Yawanci dangi ake cewa su kawo mai bayarwa, kuma gwada jininsa da haɗa shi da nata ba aikin minti biyar ba ne. Wadda aka tsara wa aiki a mako na 39 ta gama wannan tun kafin ranar. Wadda aka kawo tsakar dare bayan ta kwana ta wuni tana naƙuda a gida, ita ce ake asarar sa'o'i a kanta: ana tayar da ƙanin miji ya zo ya ba da jini, ana kiran maigida a waya, ana lissafin kuɗi a bakin ƙofa. A ƙa'ida sa hannun matar da ke cikin hayyacinta ya wadatar, amma a aikace miji ake jira. Ya kamata masu awo su riƙa zaunar da miji tun cikin yana wata bakwai, a gaya masa cewa kan jariri na iya fin ƙugu, jijjiga na iya tasowa, mabiyiya na iya tare hanya. Kaɗan ne ke yin haka. Kuma ba sabon ilimi ba ne a garin nan: Farfesa Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22,774 da aka yi a asibiti a Zariya, aka buga sakamakon a 1985, inda ya nuna cewa matan da ba su je awo ba, aka kawo su a gaggauce, su suka fi rasa rai nesa ba kusa ba.

Wadda jininta ke da alamar nagatif, kamar O ko B nagatif, tana bukatar allurar anti-D, wadda ke hana jikinta yaƙar jinin jaririn da za ta ɗauka a gaba, cikin awa 72 da haihuwa idan jinin jaririn fozitif ne. Allurar tana da tsada kuma ba kullum ake samunta a kusa ba, a neme ta tun da wuri.

A ɗakin tiyata ne hidimar ta fi cancantar yabo. Yawancin ayyuka yanzu da allurar baya ake yi, ba a sa mace barci. Za ta daina cin abinci aƙalla awa 6 kafin aikin da aka tsara, a sa mata ƙarin ruwa da robar fitsari, a ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin awa ɗaya kafin a yanka. Sai a zaunar da ita a gefen gado, ta rungumi filo, haɓa a ƙirji, baya a lanƙwashe. Za ta ji sanyin maganin da ake goge mata baya da shi, sai ɗan tsini, sai ɗumi ya gangara ƙafafu har ta kasa ɗaga su. Nan ne mai cikin fari ke firgita idan ba a faɗa mata ba. Allurar tana kashe zafi, amma ba ta kashe jin taɓi: za ta ji ana ja, ana danna saman cikinta da ƙarfi lokacin fito da kai. Jiri da tashin zuciya suna faruwa, yawanci saboda awon jini ya yi ƙasa, kuma ana gyarawa nan take da ruwa da magani; rawar ɗari ma tana faruwa. Mai ba da allura da zai tsaya a kanta ya ce, "Malama, yanzu za ki ji an danna, ki yi numfashi, sauran kaɗan," ya yi rabin aikin kwantar da hankali. Ba kowa ne ke buɗe baki ba.

Yankan a kwance ake yinsa a ƙasan mara, tsawonsa santimita 10 zuwa 15. Ana ratsa fata da kitse da farar tantanin da ke riƙe ciki, a buɗa tsokar gefe da gefe ba tare da yanke ta ba, sannan a yanka ƙasan mahaifa. Jariri kan fito cikin minti 5 zuwa 10. Sauran lokacin, har a cika minti 40 zuwa awa ɗaya, ɗinki ne. Ya kamata a gaya wa iyayen da ke zaune a waje wannan, domin jin kukan jariri sannan a yi shiru na rabin awa yana tsinka zuciyar uwa.

Bayan an fito ne hidimar ke rauni. Allurar baya tana sakin mace cikin awa 2 zuwa 4, kuma zafin da ke biyo baya na gaske ne. Abin da ke aiki shi ne magani a kan lokaci, ba sai ta yi kuka ba: farasitamol giram 1 duk awa 6, da diclofenac ga wadda ba ta da gyambon ciki ko matsalar ƙoda ko jijjiga, da allura mai ƙarfi a ranar farko. A ɗakin da nas ɗaya ke kula da gadaje da yawa, lokacin magani yana wucewa, yarinya kuma ta yi shiru don kunyar ɗan fari. Mai jinya ta rubuta lokutan a takarda, ta je ta tuna wa nas cikin ladabi. Zafin da ba a kashe ba shi ke hana tashi, rashin tashi kuma shi ke kawo kumburin ciki da daskarewar jini a ƙafa. Ana son ta zauna, sannan ta taka, tun cikin ranar farko: ta juya gefe, ta sauko da ƙafafu, ta tura jiki da gwiwar hannu, filo danne a kan ɗinki. Robar fitsari kan fita cikin awa 12 zuwa 24. Hana ruwa da koko har sai iska ta fita tsohon yayi ne; idan aikin bai zo da tangarɗa ba, kurɓar ruwa bayan 'yan sa'o'i na taimaka wa hanji ya farka. Ciwon kan da ke tsananta a zaune ya lafa a kwance daga allurar baya yake, a faɗa wa likita, kada a ɗauka iska ce.

Nono kan ɗan yi jinkiri bayan aiki, sai ka ga an miƙa wa jariri ruwan zuma ko madarar gwangwani. A sa shi a nono da zarar ta iya riƙe shi, ta kwanta a gefe ko ta saƙalo shi ta ƙarƙashin hammata don kada ya hau ɗinki. Dakashi ba ƙazanta ba ne, shi ne rigakafinsa na farko.

Sallama kan zo kwana 3 zuwa 5, sau da yawa da takardar magani da ranar dawowa kawai, alhali gida wankan jego ke jira. Ya kamata a kira gwaggo ko kakar da za ta yi wankan a yi mata bayani da bakin likita. Ruwa mai ɗumi ya halatta, a tsane ɗinki da tsumma mai tsabta. Tafasasshen ruwa da ganye a kan yanka, ko gasa ciki, ko shafa man gargajiya, su ke buɗe ɗinki su sa ya yi ruwa. Kunun kanwa gishiri ne mai yawa, haɗari ne ga wadda hawan jini ya kai ta tiyata. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka rubuta yawan ciwon zuciyar masu jego a yankin nan, suka danganta shi da kanwa da gashin jiki. Daka, jan ruwa a rijiya da ɗaukar abin da ya fi jariri nauyi su jira mako 6, ranar suna kuma ta zauna, baƙi su same ta. Zazzaɓi, wari ko ruwa daga ɗinki, jinin da ke jiƙa auduga cikin awa ɗaya, kumburin ƙafa ɗaya, haki, ciwon kai da ganin dishi-dishi: a koma asibiti a ranar, kada a jira safiya.

Kuɗi ya bambanta sosai tsakanin asibitin gwamnati da na kuɗi, kuma adadin da aka fara faɗa ba kasafai yake haɗa jini da magani da gado ba, a nemi a rubuta komai. A Nuwamban 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa hali, don haka a tambaya tun a wurin awo ko asibitin yana cikin shirin.

Kafin a bar asibiti a karɓi takardar da ta nuna dalilin aikin da irin yankan da aka yi wa mahaifa. Wadda aka yi wa yankan ƙasa a kwance tana iya haihuwa da kanta a gaba, amma a asibitin da ke da ɗakin tiyata da jini, ba a gida ba, kuma ba da maganin tayar da naƙuda na kemis ba, don tabon na iya fashewa. A ba da tazarar wata 18 zuwa 24 kafin wani cikin, a zaɓi hanyar tazarar tun kafin a yi arba'in.